Ranar da Muciya Ta Fi Ƙarfina a Ibeto

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban tukunyar tuwo, mata sun fi ashirin suna kallona, muciya ta ƙi motsi a hannuna.

Shekara goma sha takwas ina tuƙa tuwon biki a Kontagora. Da wannan sana'a aka san ni, da ita nake ciyar da 'ya'yana. Sai bara, ina dawowa daga kasuwar Salka, babur ya kayar da mu, hannuna na dama ya karye kusa da kafaɗa. Wata uku ina ɗaure da karan ɗori. Ranar da aka kwance, na duba hannun ban gane shi ba. Ya tsotse, fata na reto, ko buta ban iya ɗagawa in yi alwala.

Maƙwabciyata Maman Bitrus, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ita ta zaunar da ni. Ta ce, “Ba sai kin je wani wuri ba, a gida za ki yi. Ki dafa bango da hannu biyu, ki matsa ki dawo, sau goma. Ki cika ƙaramar gora da ruwa ki riƙa ɗagawa. A hankali fa, maƙwabciya. Abin zai kai wata shida, ko ya fi.”

Na ce to. (A raina kuwa cewa na yi wata shidan nan na ma'aikatan ofis ne, ba na irinmu ba.)

Sati biyu na yi ina tura bango. Maigidana ya fito wata safiya ya same ni ina nishi, ya tsaya ya ce, “In ɗakin ne ya yi miki kaɗan, ki faɗa a kira magini.” Abin da ke cin raina shi ne biki uku aka yi a unguwarmu ba wanda ya aiko mini. Ina jin ƙamshin girkin wasu daga tsakar gidana.

Sai na yar da gora na koma jarka. Na kuma zuba yashi a baho, na jiƙa shi, ina tuƙawa da muciya a bayan ɗaki inda ba mai gani. Kafaɗar tana zugi, ni kuma ina gaya wa kaina ai ƙarfi ne ke shiga. In Maman Bitrus ta leƙo, sai in ɗauko gorar in yi mata murmushi.

Ana haka bikin 'yar yayana ya taso a Ibeto. Matar yayan ta kira ni ta ce, “Gwaggonsu, ki zo ki zauna kawai, mun samu masu tuƙi.”

Wannan magana ta soke ni. Na ce, “'Yar ɗan'uwana za ta yi aure wata ta tuƙa mata tuwo ina raye? Na warke sarai.”

Ranar biki na ɗaura ɗamara, na karɓi babbar tukunya, wadda dangin ango za su ci. Talge ya dahu, na fara zuba garin masara ina juyawa. Da farko lafiya lau, har wata ta rangaɗa guɗa. Na ƙara gari. Na sake ƙarawa. Tuwo ya fara kauri, sai na ji hannun ya ɗauki rawa tun daga kafaɗa har yatsu.

Na ja muciya, ba ta zo ba. Na tura, ba ta je ba. Tana tsaye a tsakiyar tukunya kamar an dasa ta. Maimakon in ce a karɓe ni, sai na yi kamar ina gyara ɗankwali. Na sake kamawa, na sa ƙirji, na sa ciki, na dage ƙafa. Ƙasan wurin a jiƙe yake da ruwan wanke-wanke. Silifas ya zame, hannu ya saki, na zauna daɓas a cikin caɓi, zani ya kwance, ƙafafu a sama.

Da dariya suka yi, da na fi samun sauƙi. Ba wadda ta yi. Sai ƙaurin tuwo da ya fara kamawa a gindin tukunya.

Wata tsohuwa Bakambara daga dangin ango, wadda na tabbata a haife ta haife ni, ta ajiye sandarta ta kama muciyar. Tana tuƙi tana ce mini da Hausarta, “Sannu, 'yata. Hannu bai gama ba, kin kawo shi aiki.” Ta ceci abin da za a iya ceta, amma tuwon ya riga ya yi gudaji. Ina kallo baƙi na tsince su suna tarawa a gefen faranti.

Matar yayana ta ara mini zani, ta kai ni inuwa, ta aje mini tire. “Gwaggonsu, taimaka mana da yankan albasa.” Na gode mata har zuciya, domin na yi awa guda ina hawaye ba wanda ya tambaye ni dalili. Amarya ma da ta zo ta durƙusa ta ce, “Gwaggo, ya jiki?” albasar na nuna mata.

Da na dawo Kontagora, Maman Bitrus ta taɓa kafaɗar, na yi ƙara. Ta ce na mayar da kaina baya da wata biyu. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Yau wata biyar ke nan ba a kira ni biki ba, kuma ban san ko za a sake kira ba. Labarin ya riga ni isowa gari. Tuwon mutum huɗu nake tuƙawa, sai na huta sau biyu kafin in kwashe.

Abu ɗaya dai na koya. Yanzu in aka ce mini ya hannu, cewa nake yi da saura. Mutane suna da kirki, in ka ce musu ka warke yarda suke yi, su miƙo maka muciya.