Cokalin Mai Girma a Ƙarƙashin Kujera

"Ka liƙe ta da baƙin salatif, magana ta ƙare," in ji Imurana fita, wato makanike.

"Kai in kanka na ciwo, salatif kake mannawa a goshi?" in ji Abdulfatawu mai wayarin, wanda rumfarsa ke jingine da ta Imurana a Sakasaka.

"Shekara goma sha biyar ina liƙewa, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙara."

"Na yarda. Wasu ba su da halin dawowa."

Ni kuwa ina tsaye tsakaninsu da makulli a hannu. Motar ba tawa ba ce, ta Yaya Abdul-Mumuni ce, haya nake yi da ita. Tun da na gama sakandare takardata take hutawa a akwati, wannan motar ce ofishina. Ranar Litinin wata 'yar jar fitila ta kama a dashbod, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a cikinsa. Fitilar jakar iska ce, jakar nan da ke fashewa ta tare ƙirjin mutum idan an yi karo. Yaya ya leƙa sau ɗaya, ya ce, "Yazeed, matata da yarana ke shiga motar nan. In Juma'a ta zo fitilar tana ci, ka ajiye mini makulli." Yau Alhamis.

Ba zan ɓoye muku ba, jama'a, salatif ya kwanta mini a rai. Ai tsarin manya ne. A Kanvili, ƙofar gidanmu, akwai ramin da ruwa ya haƙa inda ya kamata a yi kwalbati. Masu girma ba su yi barci ba, Allah ya ƙara musu lafiya. Sun kafa allo a gabansa, mai faɗin da ya isa ya rufe ramin daga idon baƙo. Ko Imurana bai kai su iya liƙi ba.

Abdulfatawu ne ya ɓata mini lissafi. "Yayanka ya san mota. In an murɗa makulli fitilar nan kamawa take yi, ta ɗan jima ta mutu. In bai ga ta kama ba sam, zai sa farce ya ɓare salatif ɗin. Kuma muddin akwai matsala, ranar karo jakar tana iya ƙin buɗewa. Zaɓi naka."

Na san farcen Yaya. Na ce a jona na'urar gano laifin mota.

Ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, ya danna, ya karanta. "Kujerar fasinja. Layinta ya katse."

"Na'urar Bature ta yi duba," in ji Imurana. "Tambaye ta yaushe zan yi aure."

"Ta ce sai ka fara wanka."

Abdulfatawu ya cire kan batir, ya ce a jira minti goma kafin a taɓa komai, don jakar ba ta son a shammace ta. Muka jira. Jira bai dame ni ba, ƙasar nan ta horar da ni a kansa. Sannan ya tura kujerar baya, ya durƙusa, ya zura hannu.

"Ga soket ɗin, rawaya, ya zame. Wani abu ke dukansa. Masta, gini kake yi?"

Ya zaro cokalin magina, sabo fil, da jan kirtani ɗaure a mariƙinsa. Siminti kaɗan ne a bakinsa, bai fi a shafa wa burodi ba.

Nan take na gane shi. Wata huɗu da suka wuce, Mai Girma Sarkin Aza Tubali ya zo unguwarmu ƙaddamar da kwalbatin, karo na uku. An kafa rumfa, an yi kiɗa, jami'ai sun fi ramin yawa. Ni aka ɗauka jigilar kujeru. Mai Girma ya ɗibi siminti da cokalin nan, ya kalli masu hoto, ya ce kafin damina mota za ta bi wurin kamar kan tabarma. Da aka watse, wani mai babbar riga ya jefa cokalin cikin motata, ya ce in riƙe, gobe ma'aikata za su karɓa. Na tura shi ƙarƙashin kujera. Goben ce ba ta iso ba.

To kun gani. Kullum in na faɗa ramin, cokalin ya zabura ya kai wa soket duka, har ya cire shi. Dole a yaba. Cokalin gwamnati ya yi wata huɗu yana aiki safe da yamma, ba hutu, ba alawus. Ban san wani ma'aikacin da ya kai shi himma ba.

Abdulfatawu ya goge soket ɗin, ya mayar har ya ce ƙas, ya ɗaure shi. Ya mayar da kan batir, ya share laifin daga na'ura. Na murɗa makulli. Mutumin mai ƙwallo ya fito, ya dube ni, ya ɓace.

"Cokalin fa?" na ce.

"Adana shi," in ji Imurana. "Zaɓe ya kusa, za su zo nema karo na huɗu."

Abdulfatawu yana naɗe wayarsa ya ce, "Na ɗaure iya ɗauri. Amma wayar ta sha wuya. Ka daina faɗawa ramin nan, in ba haka ba fitilar za ta dawo."

Imurana ya matso kusa da ni. Ya zura mini salatif ɗinsa a aljihu, ya koma ƙarƙashin wata yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku. Abdulfatawu ya shige rumfa. Na tsaya da cokalin Mai Girma a hannu, na ɗaga murya don su ji duka biyun.

"Ramin a ƙofar gidanmu yake, kuma gobe Juma'a. Ta ina zan kai wa Yaya motarsa?"