An Hana Tunkiyarmu Shiga Saboda Ba Ta da Lafiya

Jama'a, jiya na ɗaure tunkiya a bayan babur daga unguwarmu har filin taro, na dawo da ita kamar yadda na kai ta, sai dai ƙarin wahalar rana. Tunkiyar ta Inna Yelwa ce, mahaifiyata, ga ta da tsohon ciki. Ƙudan nan mai bin hancin tumaki ne ya zuba mata tsutsa. Ta daina cin harawa, sai atishawa da majina, tana goga hanci a ƙasa tana kaɗa kai. Ita kaɗai ta rage wa Inna a turke, da ita take hira in mun fita nema.

Maƙwabcina Sha'aban ya ce in hura mata garin taba a hanci. Na ce masa, "Haba Sha'aban, mu da aka yi wa shelar magani kyauta? Yau za a ƙaddamar da yaƙi da tsutsar dabbobi." Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, ka gaida min mayaƙan."

Gaskiya an yi ƙoƙari, kada in zama butulu. Rumfuna reras, makaɗa sun zo, an yi wa ma'aikata riguna masu hoton ƙuda an ja masa jan layi. Ƙudan gaske kuwa suna can bayan igiya tare da mu, suna aikinsu a kan shanu masu gyambo da wani dokin amalanke da tsutsa ta cinye wa gadon baya.

Na ja tunkiya zan shiga, wani mai sabuwar riga ya tare ni.

"Malam, ina zuwa da wannan?"

"Ranka ya daɗe, allura za a yi mata."

"Ba ka ga majina take ba? In ta yi wa Babban Baƙo atishawa a babbar riga fa? Yau masu lafiya kawai ake shiga da su, saboda hoto."

"To marasa lafiyar fa?"

"Su je su warke tukuna."

Wallahi raina ya ɓaci, amma na yaba da hikimar. Ashe an aro wani ƙosasshen rago daga wurin dillalai a kara, an wanke shi da sabulu, an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Babban Baƙo, Mai Girma Uban Marasa Baki, ya iso bayan azahar, aka riƙe masa hannu ya soka allura. Mai hoto bai shirya ba, aka sake. Ragon da ko tari bai taɓa yi ba ya shanye kwalbar da aka zo da ita, kuma ita kaɗai ce. Aka yi tafi, aka ci shinkafa, aka saka ragon a bayan motar Mai Girma don a ci gaba da lura da lafiyarsa. An sanar cewa duk dabbar da aka yi wa magani tana cikin ƙoshin lafiya, kuma ni shaida ne ba a yi ƙarya ba.

Da safen nan tunkiya ta kasa tashi. Dole muka kira Jafaru mahauci kafin ta zama mushe. Inna ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ta ce ko romon kada a kawo mata. Tausayinta ya hana ni karyawa.

Da Jafaru ya fasa kan, sai ga tsutsotsi farare, ɓul-ɓul, suna motsi abinsu. Inna ta fito ta tsaya a kansu ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo min gwangwanin madara ta ce, "Zuba su a nan ka kai wa masu taron. Waɗannan dai lafiyarsu ƙalau, ba wanda zai tare su a ƙofa."