Alhaji Gajimare Ya Soke Nisa

Duk ƙasar Mafara ba a taɓa yin masani kamar Alhaji Zubairu mai kaji ba. Shi ke kai wa Turawan da ke gina dam ɗin Bakolori ƙwai da zakaru, har wani injiniyansu ya ɗauke shi a jirgin sama zuwa birnin Rum. Ya tafi yana Zubairu, ya dawo yana Alhaji Gajimare, da baƙin tabarau da ba ya cirewa sai zai yi alwala.

Tun daga nan ya soke nisa a duniya. "Kano zuwa Rum," in ji shi, "da hantsi nit tashi, can niy yi la'asar. Hamada da teku duk na ƙetare su ina sakace. To, mi an nisa?" Wanda ya ce garin Bakura da ke nan kusa da nisa sai ya dube shi da tausayi.

Ana nan, ruwan dam ya fara cin gonaki da gidajen danginsa a wajen Maradun. Aka sa ranar rabon sabbin filaye, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa. Gwaggonsa Nagode, tsohuwa mai ciwon gwiwa, abu ɗaya take so: fili kusa da rijiya. Dangi suka wakilta Alhaji, babban ɗansu, suka roƙe shi ya kwana Maradun. Ya yi dariya, ya ce jirgi ko hancinsa bai gama ɗagawa ba ya wuce Maradun.

Ranar ta faɗo Talata, kasuwar Mafara ta cika, Alhaji ya kamo hanya ta cikinta. Mutanenmu ba su barin gaisuwa, kuma a cikinta dole a tambayi ya hanya. Kowa cewa yake lafiya lau, ya wuce. Ban da Alhaji. Shi sai ya kashe motarsa Fijo, ya fito, ya faro daga filin jirgin Kano. Ya ba 'yan tasha labari, ya ba mahauta, ya ba wani makiyayi da so kawai yake ya kauce shanu su wuce. Ya je Rum ya dawo sau ba adadi, bai bar Mafara ba.

Da ya isa Maradun, masu rabo sun naɗe tabarmi. Abin da ya rage wani tudun marmara ne can bayan gari, inda jaki ma sai an lallashe shi. Alhaji ya ce an yi sa'a, ai Rum ma kan tuddai take.

Gwaggo Nagode ta daɗe tana hangen rijiyar can nesa, wallahi ta ba ni tausayi. Ba ta yi faɗa ba. Tulu ta jawo, ta ajiye a gaban takalminsa mai ƙyalli.

"Zubairu, tunda kai nisa bai kama ka," ta ce, "ɗauki ka ɗebo muna ruwa. Ka yi la'asar can."