Sulhun Ammu Abdulmohsen

Duk wanda ya zauna a unguwar Aziziyya bai san Ammu Abdulmohsen ba, wato baffan kowa, to barci ya zo yi Jidda. Allah Ya yi masa baiwar shirya mutane, har waɗanda ba su ɓata ba. Yana sayar da kayan gyaran na'urar sanyaya ɗaki, amma wannan don ciki ne kawai. Aikinsa na gaskiya sulhu. Da aka rushe unguwar Karantina mutanenta suka watsu, ya ga an bar su ba babba, sai ya tausaya musu ya naɗa kansa. Ya taɓa zama a wani horo a otal daga hantsi zuwa azahar, ya fito da sunan Mustashar, wato mai ba da shawara. Yaran unguwa kuwa suna ce masa Motar Kashe Gobara, don yakan iso da jiniya, ya jiƙa kowa, ya bar wutar tana ci.

Wata rana Wejdan, 'yar maƙwabcinsa, ta same shi a shago. Ƙanenta Mish'al, ɗan shekara goma sha biyar, yana da tawahhud, abin da a ƙasar Hausa ake ce wa galahanga. Ƙara tana yi masa zafi kamar mari, kuma ba ya son a taɓa jikinsa. Wani Bandar da abokansa uku sun gane haka. Sukan fizge abin da yake toshe kunne da shi, su tafa masa hannu ta baya, su ɗauke shi a waya yana karkarwa. Mish'al ya daina zuwa makaranta, ya rage cin abinci, har kifayen da yake kiwo ya daina yi wa magana. Ga jarrabawa ta matso.

"Ammu, baban Bandar kawai nake so ka yi wa magana a asirce," in ji ta.

A asirce! Mustashar ya ji kalmar kamar an zage shi.

"Ya binti, 'yata, yaron nan ba shi da komai. Jama'a ce ba ta ishe shi ba. Halas, shi ke nan, ki bar mini."

Ya kama zauren biki. Ya ɗauko lasifika huɗu da fitilu masu walƙiya, ya sa aka turara wurin da turaren bakhur har ba ka ganin na kusa da kai. Ya gayyaci duk wanda ya taɓa gaishe shi, har da Bandar da abokansa da iyayensu. Yaron da tafin mutum ɗaya ke firgitawa aka zaunar a gaban taro, ana ta yi masa tafi.

"Jama'a!" Mustashar ya faɗa, lasifika ta yi ƙugi. "Ni ma an tsangwame ni ina yaro, saboda kaifin basirata. Ku dube ni yanzu!"

Aka dube shi. Mish'al ya danna tafin hannu a kunnuwansa yana jijjiga.

"Kun gani? Maganata ta yi masa nauyi, yana riƙe ta kada ta zube. Bandar, yalla, maza taso ka rungumi ɗan'uwanka, ka sumbaci kansa!"

Kafin Bandar ya miƙe, Wejdan ta ja ƙanenta ta ƙofar baya. Mustashar bai lura ba. Ya ci gaba da yi wa kujerar nasiha a kan haƙuri har shinkafa ta huce. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: Bandar da abokansa za su riƙa zuwa majalisarsa kullum bayan la'asar, ya koya musu zumunci. Iyayensu suka amince nan take, don a samu a ci abinci.

Darasin farko tarihin haihuwarsa ne. Na biyu ma shi ne, don ya tuna ya tsallake sunan ungozoma. Ya karɓe wayoyinsu, ya hana jingina, ya hana hamma. Mai neman zagayawa sai ya fara maimaita abin da ya ji. Da ya kai ga labarin yadda ya sasanta direbobi biyu a unguwar Ruwais, hawaye suka zubo wa Bandar. Mustashar ya shafa gemu. Ya san nadama idan ya gan ta.

Can gida kuwa Wejdan ta kai Mish'al wurin likita, ta roƙi malaminsa ya bar shi ya zauna a ɗakin karatu lokacin hutu. Ba ta faɗa wa Mustashar ba, don kada ya taimaka. Sannu a hankali yaron ya koma cin abinci. Barcinsa bai daidaita ba tukuna, amma ya koma makaranta, kuma ba wanda ya sake tafa masa hannu.

Ranar da aka gama jarrabawa, Mustashar ya tare Mish'al a ƙofar gida, waya a ɗage tana ɗauka.

"Ya waladi, ɗana, faɗa wa duniya, wace kalma tawa ce ta shiga zuciyar yaran nan?"

Mish'al bai iya ƙarya ba, kuma ba ya ganin amfaninta. Ya dubi takalmansa ya yi tunani sosai.

"Ba ko ɗaya, Ammu. Malam ne ya ce duk wanda ya sake taɓa ni, za a mayar da shi ya saurare ka. Bandar ya ce gara a kore shi daga makaranta."

Mustashar ya tsaya, waya na ci gaba da ɗauka. Mish'al ya mayar da abin toshe kunnensa, ya shige gida ya ba kifayensa abinci.