Ragon da Aka Saya a Hoto

Iya Kande mai ƙuli-ƙuli ta unguwarmu a Gumel, ko allura za ta saya sai ta gwada tsininta a yatsa. Jikanta Zayyad kuwa, direban adaidaita, komai a waya yake latsowa. Bana ta ƙudura yin layya da guminta, abin da ba ta taɓa samun yi ba. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa kasuwar Maigatari, sai ta aiki Zayyad. Gogan naka bai je ba, hoto aka turo masa ya ce a kawo. Jiya ɗan acaɓa ya sauke rago ɗan mitsitsi. Wallahi na tausaya mata. Yau da la'asar ina gidan sai ga Zayyad.

"Da gajiya, amarya? Ya kwanan baƙonmu?"

"Wane baƙo? Kyanwar da ka aiko? Ai na zuba mata madara."

"Haba tsohuwa, rago ne ɗan Nijar. Ba ki ga hotonsa ba? Kamar maraƙi."

"Hoton zan yanka? Mai ɗauka ya kwanta a ƙasa ya ɗauko maka, kai kuma sakarai ka biya. An ce gani ya kori ji, kai da ganin ma aka cuce ka."

"Ke da ba ki da haƙora, me za ki yi da ƙaton rago? Nama mai laushi na nemo miki."

"Haƙora ka ce? Buɗe bakin ragon naka, na nono ne. Bai shekara ba, liman ya ce ba ya layya."

"To ki ari nasa mana, ko banza kin samu na tauna."

"Allah wadaran miji irinka. Kakanka ko akuya zai saya sai ya duba baki, ya shafa gadon baya, ya ɗaga kofato. Sayen nagari mai da kuɗi gida."

"Duk iya dubawar tasa, ke ya kwaso. Nan kam an cuce shi."

Ta ɗan murmusa, sai muryarta ta yi ƙasa. "Zayyadu, shekara guda ina shan hayaƙi. So nake ni ma in aika wa maƙwabta tsoka, ba kullum ni ake aiko wa ba."

Zayyad ya miƙe. Ya fita wurin adaidaitarsa, sai ga shi janye da farin balami, ƙato, yana turjewa. Iya Kande ta manta da ciwon ƙafa. Ta buɗe masa baki, ta shafa baya, ta ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan da ƙafata na je," in ji Zayyad. "Na leƙa bakinsa har dillali ya gaji da ni."

"Ashe ana shiryuwa da girma. To ɗan zamani, ɗauke mu hoto ni da shi."

"Da me? Ai wayar na sayar. Ga ta nan a gabanki tana cin dusa."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta goge ido da gefen zani, sannan ta tuntsire da dariya.

"Yau kam ka ci ni, maigida. Kwance kyanwar ka tafi da ita, na ba ka. Ka kiwata da kyau, ranar sunan ɗanka na fari ni zan duba bakinta."