Jinin Gidan Zacharias Kure

Tun 1963, da muka haɗu da shi a makarantar mishan, Zacharias Kure ya sanar da mu cewa jinin gidansu ba irin na kowa ba ne. Mu kuwa, masu gajeren wando da dogon Turanci, muka yarda. Shi ne Sarkin Asali. Da ya yi ritaya daga ma'aikata a Abuja, sai ya koma alƙalin zuriyar mutane, kyauta, ba a ko roƙe shi ba.

Saboda haka da ƙafafun jikarsa Lucy suka lanƙwashe kamar baka, tana kuka in ta yi tafiya, bai ɓata lokaci ba. Ya dubi 'yarsa Mabel ya yanke hukunci a kan dangin mijinta Thaddeus.

"Na faɗa miki, mutanen Kwali ƙasa suke taɓawa su yi tukwane. Ga shi sun lanƙwasa mini jika."

Ya raka su asibiti da kwat da sanda, don ya taimaka wa likita. Dokta Nazeefa ta ɗaga hoton ƙashin yarinyar, ta nuna bakin ƙasusuwan gwiwa da suka buɗe, ta ce wannan ya yi kama da ciwon gado, sai an gwada jinin iyali kafin a san maganin da ya dace.

"Madalla! A fara da Thaddeus."

"Baba, ɗan taka zuwa ƙofa ka dawo," in ji Dokta.

Ya taka. Kowa ya ga ƙafafunsa a lanƙwashe, irin na Lucy.

"Ƙwallo ce, Dokta. Ni ne lamba tara a mishan."

Mu shaida ne, bai taɓa wuce mai riƙe wa 'yan wasa riguna ba. Amma shekara sittin muna kallon ƙafafun nan muna kiransu takun manya.

Ya ƙi ba da jini, har ya ji Lucy ta ce ta daina zuwa makaranta. Washegari ya naɗe hannun riga. Sakamako ya fito: daga shi zuwa Mabel, daga Mabel zuwa Lucy. Aka fara mata magani.

A taron tsofaffin ɗalibai a Mararaba ya miƙe ya yi jawabi.

"Likita ta ce ba kasafai ake samun irinsa ba. Ko ciwo, ba na kowa muke yi ba."

Muka tafa, kamar kullum.

Ranar Asabar ya shiga mota shi kaɗai zuwa Kwali, ya durƙusa gaban uwar Thaddeus yana neman gafara. Tsohuwar ta bar shi ya gama, ta turo masa kujera.

"Zauna, suruki. Tun ranar biki muke tausayin ƙafafun nan."