Littafin Dangwalen Malam Sallau

Ku da kuke zaune a birni ba ku san darajar a rubuta sunan mutum ba. A garinmu in aka ce ana rubuta suna, mai cin tuwo ma ajiye lomar yake ya fita. Taki ne, shinkafa ce, gidan sauro ne, ba a tambaya. A dai rubuta ka tukuna, daga baya ka ji ko na mene ne. Kuma duk garin mutum ɗaya ne mai biro, Alhaji Barau. A takarda shi direban motar kwasar shara ne na ƙaramar hukuma. Motar kuwa shekara goma sha huɗu ke nan tana kan duwatsu a bayan sakatariya, kaji suna ƙwai a kujerar direba, Alhaji yakan je ya duba lafiyarta sau ɗaya a wata, ranar da albashi ya fito. Ainihin sana'arsa jerin sunaye. Duk tallafin da ya shigo gari ta hannunsa yake bi, shi ya sa kullum da safe ƙofar gidansa take cika da masu gaisuwa, har da ni, ba zan ɓoye muku ba.

To, ana nan sai Malam Sallau, tsohon malamin firamare wanda ya koyar da rabin garin, ya je birni tantance 'yan fansho. Fanshon bai samu ba, amma ya haɗu da wasu 'yan ƙungiya a layi, ya dawo mana da ƙaton littafi mai baƙin bango, da gwangwanin tawadar dangwale, da wata magana da ba mu taɓa ji ba. Wai so suke gwamnati ta riƙa ba kowane baligi wani abu duk wata, mace da namiji, mai shi da marar shi, ba don ya yi aiki ba, ba don ya san wani ba, don dai yana numfashi. Su suna da dogon sunan da suke kiran abin, mu muka yanke shi muka ce albashin kowa. Ƙungiyar tana neman dangwale dubu daga kowane gari, a kai wa majalisar jiha cikin wata uku. Malam kuwa tun a can birni ya tashi a gaban 'yan ƙungiyar ya bugi ƙirji ya ce garinmu ba zai ba da kunya ba. Allah sarki, shekara talatin da biyar yana koyar da mu amma bai san mu ba.

Ranar kasuwa ya kafa tebur, ya ari lasifikar mai tallan maganin basir, ya fara shela. Da jin ana rubuta suna kasuwa ta watse ta dawo kansa, har ana ture-ture. Wani ya tambaye shi mutum nawa za a ɗauka, ya ce kowa. Aka ce to wa za a cire, ya ce babu. Nan fa jikin mutane ya yi sanyi. Ilu mahauci ya riga ya miƙa yatsa, sai ya tsaya ya tambaya ko har da maƙwabcinsa da suke rigimar kwata. Malam ya ce har da shi, kuma daidai za a ba su. Ilu ya janye yatsansa, ya goge a riga kamar ya taɓa ƙazanta, ya koma kan namansa. Kafin azahar tebur ya zama kufai. Mutanenmu suka yanke hukunci cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, jerin sunan da ba a cire kowa a ciki, in ba haraji ba ne to wani abu ne da ya fi haraji muni.

Sati uku Malam yana yawo a kan tsohon kekensa, ƙauye ƙauye, masallaci masallaci, ya sami dangwale goma sha ɗaya, ciki har da nasa da na matarsa.

Kusa da teburinsa a kasuwa akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Iya Tabawa. Mijinta marigayi ya taɓa yin musu da Alhaji Barau a kan iyakar gona, tun daga ranar sunanta bai sake shiga kowace takarda ba, ko ta gidan sauro. Ita ce ta fara dangwala wa Malam, ba don ta yarda da maganar ba, ta ce so take ta ga yadda sunanta yake a rubuce kafin ta mutu. Da ta gaji da ganinsa yana kashe murya a banza, sai ta kira shi ta ce ya mayar wa mai maganin basir lasifikarsa, ya ɗauke tebur, ya cusa littafin nan cikin babbar riga. In wani ya tambaye shi, ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya amsa.

Malam ya ɓata rai, ya ce shi da furfurarsa ba zai yi wa mutane ƙarya ba.

Ta ce, "Wa ya ce ka yi ƙarya, Malam? Abin da kake faɗa a lasifika shi za ka faɗa, ko harafi kada ka rage. Amma a kunne."

Wallahi da ban gani da idona ba da na ƙaryata. Maganar nan ce dai, ta jiya da shekaranjiya, albashin kowa, ba a cire kowa. Amma da aka ga Malam yana ja da mutum bayan injin niƙa yana yi masa raɗa, sai gari ya rikice. Mutane suka fara bin sa har bakin rijiyar burtsatse. Mata suna aiko masa da fura da saƙon a tuna da su. Wani ya kawo masa ƙwan zabi cikin ƙwarya, Malam ya ƙi karɓa, nan take labari ya bazu cewa abin babba ne, ya fi ƙarfin ƙwan zabi. Ilu mahauci ya dawo da tsire a takarda yana ba da haƙuri, ya dangwala, ya roƙi arziki kada a gaya wa maƙwabcinsa. Maƙwabcin kuwa tun jiya sunansa yake shafi na sha tara. Ni ma na dangwala, a bayan shagon mai faci, ina waige-waige kamar na saci akuya. Kafin wa'adi ya cika littafi ya ɗauki dangwale dubu da arba'in, Malam har ya fara tafiya yana murmushi shi kaɗai.

Matsalar ita ce tawadar. Shuɗiya ce mai naci, sai ta yi makonni ba ta fita ko da toka ka goge. Alhaji Barau ya lura masu gaisuwar safe sun ragu, waɗanda suke zuwa kuma duk sun daina miƙa hannu, sun koma jinjina da dunƙulallen hannu, babban yatsa a ciki. Da farko ya ji daɗi, ya ɗauka girma ne ya ƙaru. Sai ranar da ya miƙa wa wani goro, mutumin ya manta ya buɗe hannu. Alhaji ya kama yatsan ya juya shi, ya sa kowa ya buɗe nasa. Duk zauren babu fari ko ɗaya.

Abin da ya ƙona masa rai ba kuɗin ba ne, don shi ma ya san ba yau za su zo ba, in ma za su zo. A ce a garin nan akwai wani biro ban da nasa, wannan ne ya hana shi cin abinci. Ya tafi wurin Mai Unguwa ya kai ƙara cewa ana tara sunayen jama'a a ɓoye ba izini. Ranar Talata aka karɓe littafin daga hannun Malam. Motar 'yan ƙungiya kuma ranar Alhamis da safe za ta biyo ta karɓa, in babu, ta wuce gari na gaba.

Na ga Malam a ranar yana tura kekensa, bai ma hau ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Wata uku yana shan rana, takalminsa ya huje, ga alkawarin da ya ɗauka a gaban baƙi. Amma tausayi bai sa na buɗe baki ba, don damina ta kusa, taki kuma ta hannun Alhaji zai biyo.

Laraba bayan la'asar aka zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa. Gari ya cika, kowa hannunsa a aljihu. Littafin yana ajiye a kan tabarma tsakanin Mai Unguwa da Alhaji. Mai Unguwa mutum ne mai son gaskiya, sai dai shi ma yana da gona. Ya ba Alhaji dama ya fara.

Alhaji ya gyara babbar riga, ya yi ta zuba kamar mai wa'azi. Ya ce shi ba don kansa yake magana ba, tarbiyyar al'umma yake ji. Kuɗin da ba gumi a cikinsu guba ne. Ranar da aka fara ba mutum kuɗi yana zaune, ranar ya lalace. Manomi zai jefar da fartanya, mata za su raina maza, yara za su daina gaida manya, kowa ya miƙe ƙafa a gindin bishiya yana jiran ƙarshen wata, sai tumbi da gulma. Ya ce zaman banza shi ya kashe ƙasar nan, kuma muddin yana raye ba zai bari a koya wa mutanen garinsa cima-zaune ba. Mu kuma, marasa kunya, muna ta gyaɗa kai muna cewa gaskiya ne, Alhaji, da shuɗin yatsunmu a aljihu.

Mai Unguwa ya juya wurin Malam ya ce, "Malam Sallau, ka ji abin da ya ce, kuma maganarsa abin dubawa ce. Ni ba zan zalunce ka ba. Ka nuna mini mutum ɗaya tak wanda ake ba kuɗi duk wata ba ya aikin komai, kuma bai lalace ba. In ka kawo shi, ka ɗauki littafinka. In babu, littafi ya zama na masu ƙosai."

Malam ya miƙe, ya fara lissafo ƙasashen da ya ji a rediyo an gwada abin, wata a gabas, wata a ƙasar Turawa. Mai Unguwa ya ɗaga hannu ya ce shi ba ya shari'a da mutanen cikin rediyo, wanda zai gani da idonsa yake so. Malam ya duba taron nan, yaran da ya koya wa baƙi da wasali, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin ƙasa. Alhaji ya yi murmushi, ya miƙa hannu zai jawo littafin.

Sai muka ji gyaran murya daga can baya, wurin da mata suke tsaye. Iya Tabawa ce, da faifan daddawarta a ka. Ta sauke shi a hankali, ta ratso maza, ta durƙusa a gefen tabarma. Ita kaɗai ce a wurin hannunta yake a fili. Mai Unguwa ya ce, "Iya, kina da magana?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sai an je nesa ba, ga Alhaji nan kusa da kai. Shekara goma sha huɗu ana gwada abin a kansa. A tambaye shi. In ya lalace, ya faɗa da bakinsa, mun haƙura da littafi. In kuwa bai lalace ba, a miƙo wa Malam kayansa, mota da sassafe za ta zo."